Rabin aji a makarantar gwamnati: akwai amfani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An buɗe rabin aji kyauta a firamaren gwamnati ta unguwarmu, ɗana kuma ya cika shekara biyar. Maigida ya ce wasa kawai ake yi a can, gara ya zauna gida sai baɗi ya shiga aji ɗaya. Ina neman shawara. (Wata uwa, Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, uwargida. Amfani kam akwai, amma ya rataya ne a kan abin da ake yi a cikin ajin.

A garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, daga 1962 zuwa 1967, an ɗauki 'ya'yan talakawa 123, 'yan shekara uku da huɗu. Aka sa 58 a rabin aji na makarantar Perry, aka bar 65 ba a sa su ba. Awa biyu da rabi ake yi kowace safiya, malama ɗaya tana riƙe da yara kamar shida, kuma duk mako takan je gida ta zauna da uwa da ɗanta na awa ɗaya da rabi. An bi sawunsu har suka kai shekara 40. Waɗanda suka shiga sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma ba su kai sauran shiga hannun 'yan sanda ba.

Sai dai ba ko'ina aka dace ba. Jami'ar Vanderbilt ta bi yara kusan 3,000 a shirin rabin aji na jihar Tennessee ta Amurka. Waɗanda suka shiga sun fara da ɗan fifiko, amma zuwa aji shida makinsu ya gaza na waɗanda ba su shiga ba, an kuma fi hukunta su kan rashin ji. Abin da aka fi zargi shi ne zaunar da ƙananan yara wuri ɗaya ana ɗura musu karatu irin na manya.

Don haka ki je da kanki wajen ƙarfe goma, ba tare da kin sanar ba. Fara ƙirga kawuna: manufar ilimi ta ƙasa ta ƙayyade yara 25 ga malami ɗaya a rabin aji. In kin tarar da 80 a kan tabarma da malama ɗaya riƙe da bulala, tsaro take yi, koyarwa ta gagara. Sai ki kasa kunne. In muryar malama kaɗai ke tashi, yara suna amsa A-B-C da ƙarfi ba su san me suke faɗi ba, hadda ce kawai, takan gushe. Abin nema shi ne yaro yana tambaya da Hausa ana ba shi amsa, ana tatsuniya a tambaye shi me Gizo zai yi gaba. Duba hannuwansu kuma: murafun kwalba ko tsakuwa na ƙirge, alli, yumɓu. Kada ki manta da ruwan sha da banɗaki, don yaron da zawo ke kwantarwa kowane mako ba ya cin moriyar komai.

Wasan da maigida ya raina kuwa, a nan yaro ke koyon jiran layi, riƙe fensir da sauraron umarni, abubuwan da malamin aji ɗaya ba shi da lokacin koyarwa. Ki kai shi. In ajin ya cika maƙil, ku haɗu da sauran iyaye ku kai wa kwamitin kula da makarantar buƙatar ƙarin malama, ke kuma ki ware masa minti 15 kowane dare na tatsuniya da ƙirga wake.