Amsa: Jirgin ƙasa ne ya kafa Ƙauran Namoda?

Malam, ka tambaya ko jirgi ne ya kafa Ƙaura. A'a, garin ya girmi dogo nesa ba kusa ba. Sunansa daga Namoda ne, jarumin Fulani Alibawa na zamanin jihadin Shehu Usmanu.

Amma jirgin ne ya buɗe masa kasuwa. A 1929 dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura. Tunda nan ne ƙarshen layi, gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Sakkwato nan ake tara su, a loda zuwa kudu. 'Yan kasuwa da leburori suka yi ta tururuwa, Yarabawa da Ibo suka zauna a Sabon Gari.

Wallahi yadda tashar ta koma yanzu yana ci mini rai.