Hukuncin cewa "Ranka ya daɗe"

Tambaya daga Daura: Allah gafarta Malam, wani ɗalibi ya hana ni gaishe da hakiminmu da "Ranka ya daɗe", wai ajali rubutacce ne. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗalibin nan yana da madogara. Muslim ya ruwaito cewa Ummu Habiba ta roƙi Allah ya jiyar da ita daɗi da mijinta Annabi (SAW) da mahaifinta da ɗan'uwanta, sai Annabi ya ce abin da ta roƙa an riga an yanke wa'adinsa, da tsari ta nema daga azabar wuta da ta kabari da ya fi. Imamu Ahmad ma ya ƙi son "aɗalallahu baƙa'aka", wato "Allah ya tsawaita rayuwarka".

Amma hadisin bai hana ba, mafi alheri ya nuna. Annabi da kansa ya sanya wa yarinya Ummu Khalid riga, ya yi mata addu'ar ta sa har ta tsufar da ita, wato ta yi tsawon rai, kamar yadda Bukhari ya kawo. Arziki da lafiya ma rubutattu ne, kuma kullum muna roƙonsu. Don haka "Ranka ya daɗe", "Allah ya ja kwana" da "Allah ya ja zamanin Sarki" duk halal ne, matuƙar Allah ake roƙo.

Inda ake kuskure shi ne barin addu'ar ba ƙaidi. A hadisin Tirmizi, mafi alherin mutane wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya kyautata, mafi sharri kuwa wanda ransa ya yi tsawo aikinsa ya munana. To ka ƙara "cikin ɗa'ar Allah" ko "cikin adalci", ko da a zuciya ne, musamman ga mai mulki, wanda tsawon zamaninsa ya shafi talakawa.

Harshe ba ya canza hukunci, ma'ana ake dubawa. Kalmomin fatan tsawon rai "Banzai" ta Japan da "wansui" ta Sin suna nufin shekara 10,000, ga kuma burin rayuwar shekara 1,000 da aya ta 96 ta Baƙara ta zarga. Irin wannan, da "Allah ya dawwamar da kai", ƙetare iyaka ne a addu'a, domin kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne.

Ka ci gaba da gaishe da hakiminka, ɗan'uwa, sai dai kada ka sunkuya kamar mai ruku'u ko ka kai goshi ƙasa. Wallahu a'alamu.