Kawu, ga yadda muke zaune a Tema

Kawu ina wuni, ya Sakkwato ya zafi? Na ga tambayarka wai mi ya zaunar da mu Tema har jikoki, kuma ko muna jin Hausa har yanzu. Bari in baka labarin yadda kaka ya bamu shi.

Tema, nan ƙasar Ghana, a da ƙauyen masunta ne na ƙabilar Ga a bakin teku, kilomita 25 kacal gabas da Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Nkrumah ne ya tada su aka maida su Tema Manhean, a gurinsu aka gina tashar jirgin ruwa da anka buɗe 1962, sai matatar mai 1963, sai kamfanin alminiyam na VALCO 1967 da ke jan wuta daga dam ɗin Akosombo, ga kuma masana'antar sarrafa kokon cakulan. Garin a takarda anka zana shi, unguwanni ma lamba gare su ba suna ba, wannan ta ɗaya wannan ta biyu, to amma fa gidajen na ma'aikata masu albashi ne, lebura mai dako a tasha ina zai samu? Shi yasa mutanenmu sunka tare a Ashaiman, tsallaken babban titi, nan zangonmu yake, nan aka haife ni.

Da asuba in ka fito masallaci za ka ga mata sun jera bokitin koko da ƙosai, masu zuwa tasha na tsaye suna kurɓa cikin sauri kar a rufe get. Kokon nan har wanda bai san kalma guda ta Hausa ba da sunanmu yake sayensa, shinkafa da wake kuma su waakye suke ce mata. Ƙanena direban tirela ne, kwantena yake ɗauka daga tasha ya bi Kumasi ya haura Burkina, wani zubin har Yamai, in tasha tayi sanyi to duk zango sai an ji a tukunya.

Maganar Hausa kuwa kawu, muna ji, da ita Dagomba da Mosi da Zabarma ke ciniki a zango, sai dai in ka ji yaro yace "Amina ya zo" kar ranka ya ɓaci, namiji da mace duk ɗaya muke yi musu a baki, kuma Twi, yaren Asante, na shiga ciki. Abin na damuna gaskiya, shi yasa nake matsa ma yarana a gida. Amma suna da aure da zaman makoki yadda kuka sani ne, rigima kuma gun Sarkin Zango ake fara kai ta kafin 'yan sanda.

Kaka har ya rasu in an ambaci Hubbare sai yayi shiru. Bayan sallah in Allah ya yarda zan kawo babban ɗana ya gani da idonsa, ka gaida min su inna.