Ajiye salatif ɗin nan tukuna

Ɗana, jiya muna rufe shago ka yi mini tambaya biyu. Ka ce me ya sa nake hana ka liƙa yagaggiyar takarda alhali bakinta ya hau daidai da na 'yar'uwarta, sannan ko gaskiya ne an tsinci Linjila cikin tsofaffin littattafan Yahudawa na Tekun Gishiri. Zauna, domin tambayoyin nan tushensu ɗaya.

Daga 1947 zuwa 1956 aka yi ta zaƙulo littattafan daga koguna goma sha ɗaya a Kumran, wani wuri a gaɓar Tekun Gishiri. Wasu sun fito kusan lafiya lau. Naɗaɗɗen littafin Ishaya ya haura mita 7, fata goma sha bakwai aka ɗinke da zaren lilin, kuma ya girmi haihuwar Yesu da fiye da shekara ɗari. Kogo na huɗu kuwa, da aka gano a 1952, gutsattsari ya bayar, wajen 15,000, wani bai kai farcenka ba. Masanan da aka tara a Kudus sun san Ibrananci kamar yunwar cikinsu, amma ba masu gyara ba ne. Suka riƙa haɗawa da salatif suna dannewa tsakanin gilasai. Da shekaru suka ja, danƙon ya ratsa fatar, ta yi baƙi, haruffa suka dushe. Tun 1991 ake ɓamɓare shi a hankali, kuma akwai wuraren da ba za su dawo ba har abada. In na tuna wannan raina yakan ɓaci, fata ta yi shekara dubu biyu a kogo ba ta ga irin wahalar da ta sha a kan tebur ba.

To, batun Linjila. Ba a samu ko littafi ɗaya na Sabon Alkawari a Kumran ba. Maganar ta samo asali ne daga wani ɗan gutsuren fafirus, wato takardar mutanen dā da ake yi da wata ciyawar ruwa, na kogo na bakwai, tsawonsa bai cika santimita huɗu ba, da rubutun Girkanci. A 1972 wani malami ɗan Sifen, Hose O'Kallagan, ya ce Linjilar Markus 6:52-53 ce. Haruffan ba su wuce ashirin ba, da yawansu sun gutsure, kalma ɗaya tak ce cikakkiya, wato "kai", ma'anarta "da" a harshensu. Kafin ayar ta zauna a kan gutsuren sai da ya sauya harafi guda, ya kuma ɗauka magatakardan ya tsallake kalmomi uku. Mafi yawan masana ba su karɓa ba, ni ma da su nake. Duk haɗin da sai ka rage nan ka ƙara can kafin ya zauna, son ranka ne ya haɗa shi.

Dangantakar gaskiya tsakanin littattafan Kumran da Linjila tana nan, ba ta buƙatar a matsa mata. Ayar Ishaya 40:3, mai cewa a shirya hanyar Ubangiji a jeji, mutanen Kumran sun rubuta ta cikin littafin dokokin jama'arsu suna nufin kansu, Linjila huɗu kuma duk sun kawo ta a kan Yahaya mai baftisma. Luka ya ce an miƙa wa Yesu littafin Ishaya a majami'ar Nazarat, ya warware, ya karanta, ya naɗe. Irin wancan naɗaɗɗen ke nan. Rijiya ɗaya suka sha, kowa da gugansa.

Mai sana'armu kuma yana ganin abin da mai karatu kan tsallake. Naɗaɗɗen littafi galibi fuska ɗaya ake rubutawa. Kiristocin farko sun fi son littafi mai shafuka, shi ya sa ɗan gutsuren Linjilar Yahaya da ke ɗakin karatu na Rylands a Manchesta yake da rubutu gaba da baya, sura ta 18 ta ci gaba a bayansa. Juya gutsure kawai ya isa ya gaya maka daga wane irin littafi ya fito.

Haka za ka yi da takardun ajamin nan biyu da ke gabanka. Ɗaga su ga hasken taga, ka duba ko layukan cikin takardar sun ratsa daga wannan zuwa waccan. Dubi kaurin alƙalami, launin tawada, da inda gara ta ci, ko ramin ya faɗa wuri ɗaya a duka biyun. Ido yana ruɗuwa: a 2020 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna wasu gutsattsarin littafin Annabi Irmiya na Kumran da aka zaci littafi ɗaya ne, ashe wani fatar tunkiya ce, wani ta saniya.

In duk sun yi daidai, kira ni mu dama kunun sitacin alkama, mu ɗora siririyar takardar Japan, wadda ɗan danshi zai ɗaga ta in na bayanmu ya ga mun yi kuskure. In ko ɗaya ya saɓa, sa kowanne a ambulan ɗinsa, ka rubuta da fensir inda ka same shi.