Ga ƙanen da ke son zuwa Jami'ar Ghana da ke Legon ya karanci fiyurin

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka karanta tarihin John Buchanan, masanin sinadaran jiki ɗan Amurka, ranka ya biya, kana so ka zo Akra ka yi digiri na biyu kan yadda jiki ke ƙera fiyurin, sinadarin da ke cikin tubalan ƙwayoyin gado (DNA), da yadda yake rushe shi, a nema maka malami da masauki. Masauki mai sauƙi ne, Madina na dab da jami'a kuma 'yan'uwa sun cika ta, sai dai masu gida kuɗin shekara guda ko biyu suke karɓa a dunƙule. Batun malamin ne ke da magana.

Abin da Buchanan ya yi an riga an gama shi. A ƙarshen shekarun 1940 ya ba tattabaru sinadarai masu alama, ya tara kashinsu, ya farfasa yurik asid ɗin ciki, wanda shi ma nau'in fiyurin ne, don tsuntsu ta nan yake fitar da naitirojin. Da haka aka san daga ina ƙwayoyin zarran zoben fiyurin suke fitowa. Ya koma jami'ar MIT ta Amurka a 1953, shi da ɗalibansa, da wani masani G. Robert Greenberg a nasa ɓangaren, suka warware matakan ƙera fiyurin har zuwa IMP, sinadarin farko mai cikakken zoben. A gefe guda Gertrude Elion da George Hitchings suka mai da ilimin magani: na sankarar jinin yara a farkon shekarun 1950, sannan alofurinol na ciwon gaɓoɓin da yurik asid ke jawowa. Sun sami lambar yabo ta Nobel a 1988, kuma Elion ko digirin dakta ba ta kammala ba. In ka rubuto wa farfesa cewa za ka binciko waɗannan matakai, ko amsa ba za ka samu ba.

Ƙofar da ta rage a nan ita ce maleriya. Ƙwayar cutar ba ta iya ƙera fiyurin da kanta, haifozantin, wani nau'in fiyurin, take kwasa daga jinin mutum ta sarrafa. Toshe mata wannan hanya, ka kashe ta da yunwa. Da wannan za ka tunkari cibiyoyin binciken cututtuka na WACCBIP ko Noguchi a Legon, ko KCCR a Kumasi.

To amma aikin raino ne, kuma ƙwayar ba ta san Juma'a ko Sallah ba. Ana rainonta cikin jajayen ƙwayoyin jini a ruwan rainon da ake kira RPMI 1640, zafi digiri 37 na Salshiyos, iskar oksijin kashi 5, kabon dayoksaid kashi 5, sauran naitirojin. Ana ƙara haifozantin kamar miligiram 50 a lita. Ka manta da shi, girmanta ya tsaya. Duk awa 48 take ninkuwa, ruwa kullum ake sauyawa, in ka bari ta yi yawa ruwan ya yi tsami ta mutu. Kwalba ɗaya ta kamu da ƙwayar bakteriya, aikin mako uku ya tafi.

Aunawa ma tana da tarko. Yurik asid da haske mai tsawon zango nanomita 293 ake auna shi, don haka mazubin kwaz (wani irin gilashi da hasken ke ratsawa) za ka sa, na roba na yau da kullum shanye hasken yake. Yurik asid ɗin ba ya narkewa sosai a ruwa zalla sai da ɗan sinadarin alkali, kishiyar asid. Jinin da aka ɗiba ya jima a kan tebur, ATP ɗinsa, sinadarin da ke ɗauke da makamashi, ya rushe, haifozantin ya hau, ka ɗauka ka yi babban gano alhali sakaci ne. A sa jinin cikin ƙanƙara, a juya shi a injin da ke raba ƙwayoyi da ruwa nan take, a sa a firiza. PRPP kuwa, sinadarin da ake haɗawa da haifozantin a gwajin, rarraba shi ƙanana tun ranar farko, don narkewa da daskarewa na lalata shi, kuma sabo kan ɗauki watanni kafin ya fito daga kwastan. Ɗauke wutar da ake kira dumso ba ta ƙare ba. Ka tambayi ko firizar ɗakin na kan janareta kafin ka tambayi kuɗin alawus.

Baƙon ɗalibi da dala ake yanka masa kuɗin makaranta, kwana 90 da ɗan ƙasashen ECOWAS ke samu ba biza kuma ba izinin zama ba ne. Kada Baba ya sayar da gona kafin takardar tallafi ta zo hannunka. Turo shafi biyu: inzayim ɗaya (furotin da ke saurarta sarrafa sinadarai), tambaya ɗaya, da jerin abin da hannunka ya taɓa yi a ɗakin gwaji, ban da wanda ka kalla ana yi.