Injin burodi juyawa kawai zai maka, wuta daga sama take

To yaro na ga saƙonka, wai ka tsinci injin burodi na gwanjo kana so ka maida shi na gasa kofi, ka kunna ka zuba ɗanyen kofi awa guda ko launi bai canja ba, kana tambaya ko hitar ciki ce ta mutu. Hita lafiyarta ƙalau, kai ne ka ɗora mata kayan da ba nata ba. Wannan hitar an yi ta ne ta gasa ƙullu a hankali, shi kuwa kofi so yake cikin minti 12 zuwa 15 ya haura digiri 200, in ka ja shi fiye da haka sai ya bushe ya yi lami kamar kana tauna kara.

Abin da muke so a jikin injin nan abu biyu ne kacal, moto da wannan ɗan muciyan da ke juyawa a gindin kwano. Ka tuna mai suyar gyaɗa da yashi, hannunta ba ya tsayawa, to aikin injin kenan. Wuta kuma bindigar zafi za ka nemo, hit-gon ɗin da muke ɓare fenti da shi, mai wat 2000, ka kafa ta a sanda bakinta na kallon cikin kwano ta wajen kusurwa, kamar yatsa uku ko huɗu sama da kofin. Mutanen Ostireliya ne suka yaɗa dabarar nan, Corretto suke ce mata.

Amma kafin komai juya injin ka karanta bayansa. In ka ga an rubuta ƙarfin wuta volt 110 ko 120 to kayan Amurka ne, wutarmu 230 ce, sai da taransifoma. Ni na farko da na taɓa ban duba ba, ina sokawa sai ƙauri, moto ya tafi, shi ya sa nake ta nanata maka.

Sai ka cire fulogi daga bango, ka buɗe, ka raba moto da fanel ɗin nan mai maɓallai. Dalili shi ne fanel ɗin yana da wayonsa, yana juyawa yana hutawa irin na kwaɓa ƙullu, kuma da ya ji zafi ya yi yawa sai ya kashe kansa, ka ga kenan a tsakiyar aiki kofi zai tsaya cak na sama ya ƙone na ƙasa ɗanye. Ja wayar moto kai tsaye zuwa suwic guda, ka bar masa kafasitarsa, wato ɗan abin nan mai riƙe caji da ke taya moto tashi, don in ka cire ba zai tashi ba sai dai gurnani, kuma ka sauke cajinta kafin ka kai hannu. Wayar hita ka yanke ka naɗe. Wayar at kuwa, wato wadda ke kai wuta ƙasa don kar ta ja mutum, kar ka kuskura ka cire ta, jikin ƙarfe ne. In ka haɗa kar ka kunna sai na gani da idona.

Kwanon fa, wannan baƙin shafen da ke hana burodi mannewa ba ya jure zafin da ya wuce digiri 260, iskar bindiga kuma ta fi haka nesa, to kankare shi tas da sanfefa har alminiyam ya fito fari, ka wanke. Murfin roba cire shi gaba ɗaya. Ka huda kwano daga gefe ƙasa ƙasa ka zura wayar ma'aunin zafi irin wadda ke zuwa da mitar awo, ta nutse cikin kofin amma inda muciya ba za ta kama ta ba.

Fara da giram 400, ka kunna moto tukuna kafin wuta. Zai tashi daga kore ya koma ruwan ɗorawa ya koma ruwan ƙasa, wajen digiri 196 zuwa 205 za ka ji yana fashewa fat fat kamar gugguru, nan sai ka ɗaga bindiga sama kaɗan. In ka bar shi zuwa wajen 225 za ka ji ƙara ta biyu, siririya kamar busasshiyar ciyawa na cin wuta, daga nan zuwa gawayi ba nisa. Ni dai minti biyu bayan ta farko nake saukewa, musamman kofin da ake nomawa a tsaunin Mambila da ɗan tsaminsa ne daɗinsa. Juye a gwagwar ƙarfe kan fanka nan take da safar hannu mai kauri, in ba haka ba zai ci gaba da gasuwa da zafin jikinsa. In ka auna ka ga ya dawo giram 330 ko 340 kar ka ce an sace, ruwa ne ya fita.

A waje za ka yi ba cikin shago ba, ɓawonsa tashi yake kamar ƙaiƙayi kuma yana kama wuta, ga mu da fetur ɗin janareta a gefe. Kuma kar ka dafa ranar, bar shi kwana biyu a kwalba. Gobe ka zo da injin da kafasitar duka, ka taho min da testa ta da ka tafi da ita.