Amsa ga ƙanwata likita da ke shirin shiga horon ƙwarewa da goyo

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina da ɗan shekara biyu, ga ciki wata biyar, kin ci jarrabawar firamare, wato ta share fagen shiga horon ƙwarewa, ranki kuma yana kan ɓangaren mata da haihuwa. Maigida ya ce ki dakata, uwar miji ta fara habaicin cewa asibiti ne ya aure ki. Kina tambaya ki shiga ne ko ki haƙura.

Shekarata 14 a aikin nan, yarana huɗu, biyu na haife su ina tsakiyar horon. Ki shiga, amma ba a shekarar da za ki haihu ba. Ni na haɗa su, na kuma ji a jikina.

Ɗiyata ta uku tana wata huɗu na koma kol, wato aikin kwana a asibiti. Tun bakwai da rabi na safe nake fita, in kwana a asibiti, washegari a yi zagayen marasa lafiya, in samu dawowa gida bayan azahar idan an yi sa'a. A ɗakin kwanan likitoci nake tatsar nono, in saka a cikin kula mai ƙanƙara, direba ya zo ya kai gida. Wata rana aka ɗauke wuta tun dare, abin da ke firij duk ya lalace, yarinya ta yi ta tsala kuka, Hajiya uwar mijina ta dama mata koko ta ba ta. Ni da nake tsayawa gaban mata a asibiti ina cewa nono zalla har wata shida, ko ruwa kar a ba su! Na dawo na yi faɗa, faɗan da har yau nake jin kunyarsa, don baiwar Allah ba ta da wani zaɓi. Sati biyu bayan nan barci ya sace ni a cunkoson Kawo, na daki bayan wani mai Keke Napep. Allah ya tsare, fitilarsa kawai ta fashe. A shekarar kuma na faɗi jarrabawar Part 1, ta tsakiyar horon.

Kin ga ba a gidan na yi abin kirki ba, ba a asibitin ba. Taura biyu na so taunawa.

Lissafin da nake so ki yi shi ne na watanni. Idan ma'aikaciyar jihar Kaduna ce ke, tun 2019 hutun haihuwa wata shida ne. Idan asibitin tarayya ne, bai kai haka ba. Bambancin nan ba ƙarami ba ne ga mai shayarwa, ki sa shi a ma'auni kafin ki zaɓi inda za ki nema, ko asibitin jiha na Barau Dikko nan cikin gari ko na tarayya da ke Shika. Shika kuma ki tuna hanyar Zariya ce, ko dai ku tare can ko ki zama 'yar hanya kullum. Sannan duk watan da kika yi a gida bayan kin fara, za ki rama shi, ba a yafe shi a lissafin horo. To me zai sa ki fara da bashi? Ki haihu, ki yi wankan jegonki, ki sha kunun kanwa hankali kwance, yaro ya fara cin abinci, sannan ki nemi gurbi. Ki dai tambayi kwalejin da kika rubuta wa firamaren wa'adin sakamakonki, kar ya ƙare kina zaune.

Maganar maigida. Da yawanmu muna kuskuren zuwa da "burina ne tun ina yarinya". Namiji ba wannan yake son ji ba. So yake ya san daren da ba kya gida wa zai kwana da yara, wa zai kai su makaranta, wa zai ɗauko su daga Islamiyya, me zai ci. Ni sai da na ɗauko jadawalin kol na wata guda na ajiye masa a gabansa, muka bi shi dare bayan dare. A nan ya ce ranar Asabar shi zai riƙa kai su hadda, kuma bai fasa ba. Da can kunya nake ji in nema, ina ganin kamar gazawa ce.

Hajiya kuwa, kar ki yi mata bayanin mene ne horon ƙwarewa. Tawa ta sauko ne ranar da jikar ƙanwarta ta zo da jijjigar masu ciki a tsakar dare, na tsaya a kanta har aka yi mata aiki, uwa da ɗa suka tashi lafiya. Kafin irin wannan ranar ta zo miki, ki riƙe gaisuwar Juma'a da ɗan abin hannu, ki kuma daina mayar da habaici.

Ki ware abin da ba wanda zai yi miki shi. A wurina shayarwa ce, da zaman bayan magariba da yara idan ina gida, waya a kife, da daren da ɗayansu ke zazzaɓi. Sauran duk na sake su. Wanki na bayar. Miya nake yi ta sati ranar Lahadi in raba a robobi. Cefanen wata, wata mata ce ke yi min a Kasuwar Bacci ina biyanta. Mai aiki kuma babba na ɗauka, bazawara mai hankali, da albashi mai kyau da ranar hutu. Don Allah kar ki ɗauko 'yar shekara goma daga ƙauye ki ɗora mata jariri, ita ma rainon take buƙata, kuma mu ne muke ganin irin ƙunar ruwan zafin da ake kawowa asibiti. Biki da suna na rage ƙwarai. An yi ta cewa Dakta ta fi ƙarfinmu. Na mutuwa da dubiya ne ba na wasa da su.

Game da ɓangaren, ba zan ce ki sauya ba, garin nan na buƙatar mata a ɗakin haihuwa, kin san mata nawa ke ƙin zuwa awo don kar namiji ya duba su. Amma naƙuda ba ta san dare ba, har ki zama konsaltan, wato babbar likita, za a riƙa tashinki. Ƙawata da muka gama tare ta koma lafiyar al'umma, wata ta zaɓi ɓangaren hoto, dukkansu suna kwana gida fiye da ni, kuma ban ga sun zama ƙananan likitoci ba. Mataimakiyar gwamnanmu ma, Dakta Hadiza Balarabe, ta hanyar lafiyar al'umma ta bi.

Abu na ƙarshe, tazara. Muna rubuta wa mata, mu kanmu muna mantawa. Bayan wannan haihuwar ku zauna da maigida ku yi shawara tun kafin arba'in, kar na uku ya same ki wata biyu kafin Part 1 kamar yadda na huɗu ya so yi min. Allah ya sauke ki lafiya, ki shafa min kan yaron.